Ɗakin Da Rana Ba Ta Shiga

A cikin birnin Kano aka haife ni, a gidan ƙasa mai zaure biyu da bishiyar darbejiya a tsakar gida. Idan na rufe ido ina neman ƙuruciyata, ƙarar tsintsiyar Inna nake fara ji. Ana idar da sallar asuba take farawa. Kafin rana ta leƙo ta kan katanga ta share tsakar gida tas, ta yayyafa ruwa don ƙura ta kwanta, ta bi ɗaki-ɗaki tana ɗage labule, ta fito da tabarmi da katifa ta baza. Duk wanda ya ƙule a ɗaki har hantsi ya dubi ludayi, sai ta tsaya masa a bakin ƙofa ta ce, "Fito ka sha iska, ɗaki ba kabari ba ne." Mu dai faɗa muka ɗauki maganar. Sai da na kai shekara 34, a ƙasar Sin, wata tsohuwa da ba ta taɓa jin ko kalma ɗaya ta Hausa ba ta tsaya a bakin ƙofata ta faɗa mini kusan irin wannan, a lokacin da nake ganin zuciyata ta kusa tsayawa.

Na tashi yaron shago a Kantin Kwari a wajen yayana. A 2013 ya tura ni Guangzhou, wanda muke ce wa Gwanzu, in zauna ina yi masa sayayya. Kafin shekara ta zagayo wasu ma sun fara turo mini kuɗinsu: in je masana'anta in zaɓi zane, in tsaya a kan kaya har a loda kwantena, in ɗauki la'adata. Na kama gida a unguwar Xiaobei, inda baƙar fata suka fi yawa, hawa na 12, mai manyan tagogi. Iyalina suna Kano, ina zuwa sau biyu a shekara. Abin ya yi albarka har na manta cewa kasuwa tana da juyi.

A watan Yunin 2016 aka saki naira. Dalar da gwamnati ke bayarwa a kan 197 ta koma wajen 280 a yini guda, farkon 2017 kuma ta haura 500 a kasuwar bayan fage. Ni kuwa na riga na karɓi kaya bashi a masana'antu biyu da sunana, a madadin mutanen da suka yi alkawarin turo kuɗi. Wasu suka daina ɗaga waya. Waɗanda suka ba da rabi suka ce ko kayansu ko kuɗinsu. Ban ga laifinsu sosai ba, su ma ruwa ne ya ƙare wa ɗan kada. Amma sa hannuna ne a takarda.

Ana cikin haka Inna ta rasu. Tsakaninmu da gida awa bakwai ne. Da hantsi ta cika a Kano, ni kuma yamma ce a wajena, ina tsaye cikin cunkoson jirgin ƙarƙashin ƙasa lokacin da Yaya ya kira. "Sai haƙuri, Inna lokaci ya yi." Kafin in kwanta a daren nan an kai ta makwancinta. Ban samu zuwa ko zaman makoki ba, don ba ni da kuɗin jirgi. Kuma ban yi kuka ba. Na nemi hawaye na rasa, sai wani abu mai nauyi da ya zauna mini a ƙirji ya ƙi tashi.

Na saki gidan hawa na 12 na koma cikin lungunan Dengfeng, irin tsofaffin ƙauyukan nan da birni ya haɗiye. Gine-ginen wurin a matse suke ƙwarai, har mutanen garin suna kiransu benayen musafaha, wai don kana iya miƙa hannu ta taga ka gaisa da na ginin da ke kallonka. Idan ka ɗaga kai a lungun, sama kamar zare take. Ɗakina a hawa na huɗu yake, kuma wannan na cikin dalilin arharsa, domin a harshensu kalmar huɗu tana kama da kalmar mutuwa, har akwai benayen da babu lamba 4 a na'urar hawansu.

Taga ɗaya ce a ɗakin, tana kallon bangon maƙwabta. Da hannuna na toshe ta. Ragowar kayan da aka bar mini, diloli da kwalayen samfur, na jibge su daga ƙasa har rufi, na bar ɗan siririn wuri daga ƙofa zuwa gado. Ƙwan lantarki ne kaɗai haske, dare da rana. Gadon yana miƙe da ƙofa, ƙafafuna suna kallonta. A gefe akwai sif mai dogon madubi, duk juyin da na yi sai in ga wani yana motsi. Daidai saman kaina wani gungumen kankare ya gitta rufin. Ƙofar banɗaki tana kusa da filona, famfo yana ɗiga duk daren Allah. Da watan Maris ya kama, lokacin da iska mai ɗumi ke tasowa daga teku ta tarar da gine-gine da sanyi, sai bango ya fara gumi kamar randa. Fumfuna baƙa ta bi kusurwoyi. Rigar da na wanke sai ta kwana uku ba ta bushe ba. Ko wurin shimfiɗa darduma babu, a kan gado nake sallah, wani lokaci a zaune.

Ƙarfe biyun dare a Gwanzu bakwai na yamma ne a Kano, daidai lokacin da mutane suka tashi daga kasuwa suka samu sukunin kiran wanda suke bi bashi. Wayata tana ƙarƙashin filo. Ko ba ta yi ƙara ba sai in farka, gabana yana faɗuwa, ina jin bugun zuciyata a kunne. Na daina zuwa Juma'a a masallacin da ke kusa da kabarin da ake dangantawa da Sa'ad bin Abi Waƙƙas, inda 'yan ƙasarmu ke haɗuwa, don kada a tambaye ni ya ake ciki. Abincina taliyar nan ta kwali da ake zuba wa ruwan zafi, wadda gishiri ya yi mata katutu. Idan matata ta kira sai in ce lafiya lau, aiki ne ya yi yawa.

Wani dare na farka numfashi yana gagarata, ƙirji ya ɗaure, gumi ya jiƙa ni sharkaf. Na yi kalmar shahada, na rarrafa na buga ƙofar wani bawan Allah ɗan Maraɗi da ke hawa na biyu. Shi ya sa ni a tasi. A asibiti aka auna jinina ya kai 172 a kan 108. Suka manna mini wayoyi a ƙirji, suka ɗebi jini. Da gari ya waye likita ya ce zuciyar ba ta samu rauni ba, amma hawan jini ya kama ni, ga firgici a kai. Ya rubuta mini ƙwaya ɗaya kullum da safe, ya ce in rage gishiri, in samu barci. Na karɓi maganin na koma ɗakin da na fito.

Bayan kwana huɗu mai gidan ta zo karanta mita. Tsohuwa ce 'yar ƙarama, ta haura saba'in, Ayi muke ce mata, kamar a ce goggo. Tana bina hayar wata biyu, don haka da na ji bugunta na fara shirya kalaman ban haƙuri. Na buɗe. Ta leƙa, ta toshe hanci, ta dubi kwalayen, ta dubi gadon, ta ɗaga kai ta dubi kankaren, sannan ta dube ni ta daɗe. Ba ta ce komai a kan kuɗi ba. Ta sauka, sai ga ta da jikarta 'yar jami'a mai jin Turanci, don ni Sinancina na ciniki ne, ita kuma tsohuwar harshen mutanen Kanton, wato yankin Gwanzu, take yi.

"Kakata ta ce feng shui ɗin ɗakin nan ya lalace," in ji yarinyar. "Ta ce ko mai lafiya aka sa a nan sai ya kwanta. Ta ce wannan ba wurin masu rai ba ne."

Gabana ya faɗi, don muryar Inna na ji.

Yarinyar ta yi mini bayani, tsohuwar tana nuni da yatsa. Feng iska ce, shui ruwa. A fahimtarsu akwai wani numfashi na rayuwa da suke kira chi, wanda ke zagayawa a jikin mutum da cikin gida, kuma ƙofa ce bakin da yake shiga. Idan ya rasa hanya sai ya kwanta ya ruɓe kamar ruwan kududdufi. Kwanciya ƙafa na kallon ƙofa, in ji Ayi, haka ake ajiye gawa kafin a fita da ita. Madubi da ke kallon gado yana hana ruhi natsuwa. Kankaren da ya gitta saman kai yana danne mai barci. Famfo mai ɗiga kuma dukiya ce ke tsiyayewa. Yarinyar ta ƙara da nata karatun: asalin abin ma wajen zaɓen wurin kabari aka fi saninsa, kuma ana jingina wa wani masani Guo Pu, wanda ya rayu tsakanin 276 da 324, maganar cewa iska tana tarwatsa chi, ruwa kuma yana tsayar da shi, daga nan sunan ya fito. Ta ce a shekarun juyin al'adu da aka yi a ƙasarsu, 1966 zuwa 1976, an hana shi a matsayin camfi, amma tsofaffi irin kakarta ba su taɓa sakinsa ba. Ita kanta, in ji ta, rabi ta yarda da shi.

Daga nan Ayi ta ce za ta kawo mini wani madubi mai kusurwa takwas a rataye a saman ƙofa don ya kore sharri, kuma idan na ba da ranar haihuwata za ta kira wani gwani ya zo da faifan kamfas ɗinsu ya lissafa mini inda sa'ata take. Nan na ja da baya. Na ce, "Ayi, na gode, amma addinina bai yarda da wannan ba." Ba ta ji haushi ba. Ta ce to madubi dai a bar shi, amma tagar fa, ita ma addinina ya hana a buɗe ta?

Tambayar ta kwana tana cina. Ranar Juma'a na daure na je masallaci, karo na farko cikin wata biyar, na nemi wani malami ɗan ƙasarmu da ke karatu a birnin. Na ce, "Allah gafarta Malam, ina tsoron kada in je neman lafiya in taɓa imanina." Ya saurare ni har na gama. Ya ce in raba abin gida biyu. Duk abin da zai sa in ƙudurce cewa madubi ko lamba ko wata kusurwa suna jawo arziki ko tunkuɗe ƙaddara da kansu, in nisance shi. Iska da haske da tsafta da wurin kwana mai natsuwa kuwa sababi ne kamar ƙwayar da likita ya ba ni, ba sai an je Sin ba. Sai ya karanto mini hadisin da Ibn Hibban ya ruwaito, cewa abu huɗu suna cikin jin daɗin rayuwa: mace ta gari, gida mai yalwa, maƙwabci na gari da abin hawa mai daɗi, kuma gida mai ƙunci yana cikin huɗun da ke sa wahala. Ya ce, "Ka san daga bakin wa aka ji shi? Sa'ad bin Abi Waƙƙas."

Kwana uku muka yi muna aikin, ni da ɗan Maraɗin nan, Ayi tana zaune a kan kujerar roba a bakin ƙofa tana ba da umarni. Jan gado da wanke bango da ruwan bilic duk ba su ba ni wuya ba. Kwalayen ne suka ba ni. Sai da na zo ɗaga su na gane abin da ya sa na tara su. Muddin suna nan, ina iya gaya wa kaina cewa ban karye ba, ina da kaya, dala za ta sauko, masu su za su dawo. Kowace dila da sunan mai ita a jiki da rubutun hannuna. Fitar da su yana nufin in yarda cewa wancan zamanin ya wuce. Na zauna a kan ɗaya na fi awa, na kasa ɗagawa, na kasa tashi. Ɗan Maraɗin ya dafa ni ya ce, "Ɗan'uwa, da kai da kaya duk mallakar wuya ne. In wuyan ya karye fa?" Na sayar da su ga wani ɗan Mali a ƙasa da rabin kuɗinsu. Na biya Ayi hayarta, ragowar na raba wa masana'antun biyu.

Muka mayar da kan gadon jikin bango mai ƙwari, nesa da banɗaki, ba a ƙarƙashin kankaren ba, ta yadda ina kwance ina hango ƙofa daga gefe. Muka juya sif ɗin. Aka canza robar famfo. Kusurwar da ta buɗe na shimfiɗa darduma, ina kallon yamma, don a can alƙibla yamma take, abin da bakin Bahaushe da ya saba cewa gabas yake daɗewa bai saba da shi ba. Ayi ta kawo ɗan icen gora a kwalbar ruwa ta ɗora a taga. A wajenta na sa'a ne. Ni na karɓe shi a matsayin kyauta, kuma abu mai rai da zai sa in riƙa buɗe tagar.

Washegari wajen sha biyun rana ina zaune a bakin gado, sai ga rana ta sauko ta tsakanin benayen biyu. Ashe tana zuwa kullum, na minti arba'in ko ƙasa da haka, ni ne na tare mata hanya. Ta faɗo a kan siminti, faɗinta bai fi na sallaya ba, ƙura tana yawo a cikinta. Na sa ƙafata a wurin na ji ɗumi. Sai na ga tsakar gidanmu, na ga tabarmin Inna a baje. Kukan da na nema wata takwas na rasa ya zo gaba ɗaya. Na yi shi har ranar ta janye, na tashi na yi alwala na yi mata addu'a yadda ya kamata. A daren nan ban farka ba sai da asuba.

Ba a rana ɗaya na warke ba, kuma ba ɗaki kaɗai ya yi aikin ba. Na fara kashe waya ƙarfe goma in ajiye ta nesa da gado, ni kuma in kira masu bina bashi da kaina da yammacin Gwanzu, in gaya wa kowa gaskiyar abin da zan iya. Na gaya wa matata komai. Na koma dafa abinci da hannuna. Da sassafe nakan taka zuwa lambun Yuexiu, in yi zagaye cikin tsofaffin da ke motsa jiki a hankali. Bayan wata biyu wanda ke ɗakin hawa na takwas ya tashi, Ayi ta ba ni ɗakin da ƙarin kuɗi kaɗan. Ita murnarta lambar, don takwas a bakinsu tana kama da kalmar bunƙasa. Ni murnata tagarsa tana kallon kudu. A wannan kam na ga hikimar magabatansu ƙarara: a ƙasarsu sanyin hunturu daga arewa yake busowa, rana kuma ta kudu take ratsawa, don haka gidan da ya ba arewa baya yana samun ɗumi da haske. Fadar sarakunansu ta Beijing ma haka aka gina ta, tana kallon kudu, da tudun da aka tara da hannu a bayanta.

Da na koma asibiti bayan wata uku jinina ya sauko 136 a kan 86. Na ba likitan labarin Ayi. Ya ce shi ba shi da na'urar auna chi, amma abin da ya sani shi ne jinin mai lafiya yana sauka da kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari idan yana barci, wanda kuma ba ya barci yana hana zuciyarsa da jijiyoyinsa wannan hutun. Hasken safiya yana daidaita wa jiki lokacin barci da farkawa, danshi da fumfuna suna takura numfashi, fargaba kuma tana sa zuciya gudu. Ya gargaɗe ni kada in bar magani. Ban ji ba. Da na ga ina barci, na ɗauka na warke, na ajiye ƙwayar sati biyu. Ciwon kai ya dawo ta ƙeya, na auna na ga 160. Tun daga ranar ban sake tsallake ta ba, kuma duk mai hawan jinin da ya ji labarina ina roƙonsa kada ya gwada abin da na gwada.

A ƙarshen 2019 na gama biyan masana'antun na tattaro na dawo gida. Ranar tafiyata Ayi ta hau hawa takwas da ƙafarta, tana hutawa a kowane hawa. Ta duba ɗakin, ta gyaɗa kai, ta ɗauki kwalbar goran ta rungume, don ba a shiga jirgi da shi. Na rasa kalmar da zan gode mata da ita a harshenta, sai na durƙusa kamar yadda ake yi wa iyaye a gida.

Yanzu ina Kwari da ɗan shagona, ina gina gida a hankali a bayan gari. Mun sha gardama da magini. Shi yana son a cinye filin duka da ɗakuna, a rufe sama, a yi ƙananan tagogi, kamar yadda ake yayi. Na ce a bar tsakar gida a buɗe, kowane ɗaki a yi masa taga biyu masu kallon juna, a kai ɗakin janareto can ƙarshen fili nesa da inda ake kwana, a yi zaure. A tsofaffin gidajen Sin akwai bangon da suke ginawa a bayan ƙofar shiga don kada na waje ya hango ciki, kuma duk lokacin da na gan shi zaurenmu nake tunawa. Ban kwaikwayi kallon kudu ba, don mu nan ba ɗumi muke nema ba, ranar yamma muke gudu. A wannan ɓangaren na dasa darbejiya biyu.

Amma kafin duk wannan, a satin da na sauka, bayan na je maƙabarta, na wuce tsohon gidanmu. Na tarar da ɗakin Inna a kulle da kwaɗo. Tun bayan rasuwarta ba wanda ya iya kwana a ciki, sai aka mayar da shi wurin ajiye tarkace. Na ce, "Yaya, a ba ni makullin." Ya dube ni bai ce komai ba, ya shiga ya ɗauko. Ƙofar ta ƙi buɗuwa sai da na sa kafaɗa. Na fitar da buhuna da tsofaffin kujeru ɗaya bayan ɗaya, na ɗage labulen, na buɗe 'yar tagar da ke kallon darbejiya. Tabarmarta tana nan a naɗe a bayan ƙofa, tsintsiyarta a jingine kusa da ita. Na fito da tabarmar na baza a rana, na koma na fara shara daga ƙuryar ɗaki.